Fentin Da Za A Iya Lasa

Shekara talatin da huɗu Baba Direba ya yi yana jan doguwar bas, har gwiwarsa ta hagu ta ce ita kam ta gaji da taka kuloci. Ya miƙa makulli a ofis, aka tafa masa, aka ba shi agogon bango, ya dawo gida. Watan farko ya yi ta barci. A wata na biyu ya gyara duk abin da ya lalace a gidan, daga famfon bayi har mariƙin ƙofar kicin. A na uku sai ya fara gyara abin da bai lalace ba.

Matarsa ce ta taka masa birki. Kwandasta yake kiran ta tun farkon aurensu, wai don ita ce mai cewa a tsaya ko a tafi. Ran nan ta fito daga kicin ta tarar ya sauke fankar falo, ya baje sukurorinta a kan tabarma.

"Malam, me fankar nan ta yi maka?"

"Ƙara take yi."

"Shekara goma tana wannan ƙarar, sai yau ka ji?"

"Da ai ba na gida."

"To don Allah fita ka nemi abin yi, tun kafin ka kwance mini firij."

Ya fita, amma bai yi nisa ba, don shagon Kafinta manne yake da katangar gidansu. Ya zauna a benci yana kallon aiki, ƙafarsa na wasa da tarin guntayen katakon da ake zubarwa ƙarƙashin tebur. Can sai ya ɗauko wani dogo mai kusurwa huɗu, ya juya shi, ya sake juyawa, ya ɗaga shi daidai idonsa.

"Kafinta, me ka gani a nan?"

"Itacen wuta na gani, Baba."

"Ba ka da ido. Bas ce. Ga goshinta nan, ga inda ƙofa za ta zauna. Ara mini ƙaramin zarton can."

Daga ranar gida ya huta. Kullum da hantsi yana bencin Kafinta da wuƙa da samfefa, garin katako har cikin gemunsa. Ya fafe tagogi goma sha ɗaya a kowane gefe, daidai da na motar da ya bari. Kafinta ya yanko masa tayoyi manya-manya a inji, shi kuma ya zira musu sanda ya manne da gam, suna juyawa sumul. Cikin mako shida ya haɗa motoci goma sha biyu: bas uku, tifa, tirela, tankar ruwa biyu, motar asibiti, da wasu ƙanana huɗu da shi kansa bai yanke shawarar ko mene ne su ba.

Duk wannan aikin saboda mutum ɗaya ne, jikarsa ta fari, 'yar wata goma mai haƙora huɗu. Da haƙoran nan huɗu ta gwagwiyi gefen teburin falon iyayenta, ta ci rimot, ta ci igiyar takalmin ubanta, ta taɓa kama kunnen kakarta sai da aka ɓamɓare ta. Shi ya sa duk dangi suke ce mata 'Yar Ɓera.

Abu ɗaya ya rage, launi. Motarsa rawaya ce mai koren layi a ciki, kuma bai ga dalilin da zai sa ta jikarsa ta fito fara fat kamar allo ba. Sai ya tafi garejin bayan tasha wurin tsohon abokinsa Mai Fenti, wanda shekara da shekaru shi ke fesa wa motocin kamfaninsu fenti. Mai Fenti ya sauke takunkumin da ya ɗaure hanci da baki da shi, ya saurari bayani, ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya shiga ciki ya fito da gwangwanaye biyar na ragowar fenti, duk sun yi tsatsa, ba mai rubutu ko ɗaya.

"Wannan, Direba, ko shekara ashirin ba zai koɗe ba. Jikar taka za ta ba 'yarta."

A tsakar gida ya yi aikin, a kan tsohuwar jarida. Warin ya kori Kwandasta ta rufe tagogi tana mita. Ya shafa sau uku, ya ja koren layin da ɗan siririn buroshi yana riƙe numfashi. Da ta bushe, bas ɗin ta fito tana sheƙi kamar yau aka sauke ta daga jirgi. Ya fi sau goma yana shiga ɗaki don kawai ya kalle ta.

Ran Asabar ɗansa ya kawo iyalinsa yini, kamar yadda suka saba. Matar ɗan nasa malamar kimiyya ce a makarantar sakandare, kowa Malama yake ce mata. Shekara uku da aurensu Baba Direba bai taɓa jin ta ɗaga murya ba, in tana gaishe shi ma idonta a ƙasa yake. Aka gaisa, aka ajiye 'Yar Ɓera a tsakiyar falo. Shi kuwa ya shige ɗaki ya fito da hannu a baya, ya durƙusa da ƙyar a kan gwiwarsa mai lafiya.

"Pim-pim! A ba da hanya! Mota ta taso!"

Ya turo bas ɗin a kan simintin falo, ta taho tana ƙyalli ta tsaya daidai gaban yarinyar. 'Yar Ɓera ta ƙwalo ido, ta yi wata 'yar ƙara ta murna, ta kama motar da hannu biyu. Ba ta tura ta ba, ba ta duba tagogin nan goma sha ɗaya ba. Baki ta buɗe.

Bai ga tashin Malama ba. Sai dai ya ga bas ɗin a hannunta, ta ɗaga ta sama, yarinyar kuma ta ɓare baki ta tsala ihu. Ɗansa ya ce, "Haba, ke kuwa." Kwandasta ta ɗauki jikarta tana jijjigawa, tana kallon mijinta ta gefen ido.

Malama ta durƙusa, motar na hannunta.

"Baba, ku yi haƙuri. Wallahi ba raini ba ne. Warin na ji tun daga ƙofa. Wane fenti kuka shafa mata?"

"Na mota," ya ce a daƙile. "Mai kyau. Wanda ba ya koɗewa."

"Shi ne abin, Baba. Fentin mota an yi shi ne don ƙarfe, don rana da ruwan sama, ba a yi shi don baki ba. Akwai abubuwa a cikinsa da ke cutar da yaro, wani fentin ma har da dalma. Ita kuwa dalma ba ta nuna kanta yau ko gobe. A hankali take taruwa a jikin yaro har ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ban ce akwai ta a wannan ba. Ban sani ba ne. Ko akwai rubutu a jikin gwangwanin mu duba?"

Babu rubutu, ya sani. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya ji zafi a kunnuwansa. Mako shida yana wannan aiki, a fizge shi a gaban ɗansa kamar an ƙwace wa yaro wuƙa. Ya miƙa hannu ta ba shi motar. Ya kai ta hancinsa, warin ya doki ƙoƙon kansa. Ya sa farcen babban yatsa ya kankari gefen rufin, sai ga wani ɗan ɓawo rawaya ya ɗago ya manne a farcen. Ya daɗe yana kallon ɓawon nan. Farcensa ne ya yi wannan, ina ga haƙora huɗu da suka ci tebur?

"Mutumin da ya ba ni fentin nan," ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, "shi kansa ba ya fesa shi sai ya ɗaure hanci da baki."

Ya miƙe, ya ɗora bas ɗin can saman kabad inda ko shi sai ya yi ɗage, ya juyo. Ga mamakin kowa, fuskarsa ta washe.

"To, Malama, tashi ki zauna. Ke ce mai ilimin. Wane launi ne ɓera zai lasa ya kwana lafiya?"

Ta ce, "Wanda ni da ku za mu iya ci, Baba."

Baba Direba ya juya a hankali ya dubi ƙofar kicin.

"A'a," in ji Kwandasta. "Kar ma ka kalli kicin ɗina."

Ran Litinin da safe yana ciki. Ya karɓe mata ƙaramar tukunya da ludayi ɗaya, ya kwaso guntayen katako cike da buhu daga wurin Kafinta, ya rubuta wa kowane lamba da fensir. Garin kurkum ya fara dafawa. Ya tsoma katako na farko, ya ƙirga har ɗari, ya ciro. Sai ya saki ludayin.

"Kwandasta! Kwandasta, zo ki gani! Rawayar motata ce, wallahi ita ce!"

Bai jira ta zo ba. Ya fita da katakon yana ɗiga, ba takalmi, ya shiga shagon Kafinta ya ɗora masa a kan ƙofar da yake gogewa. Kafinta ya yi salati, ya ɗauke ƙofar mutane da sauri, sannan ya yarda cewa lallai rawaya ce.

Daga nan abin ya zame masa kamar zazzaɓi. Ɓawon albasa ya ba shi wani ja-ja mai duhu, kamar bulo. Ganyen shayi ya ba da kalar sabon takalmin fata. Karas bai ba da komai ba sai asarar karas. Alayyafo ya yaudare shi: ranar farko kore shar, har ya yi rawa a tsakar gida, kashegari ya koma kalar ruwan kwata. Ya jera katakan a kan katanga suna shan iska, kowane da lambarsa, maƙwabta na leƙe suna tambayar ko magani yake haɗawa. Tafin hannunsa ya yi rawaya, gefen gemunsa ma haka. Kwandasta ta ɓoye babbar tukunyarta a ƙarƙashin gado.

Kullum ƙarfe goma da rabi, lokacin da ake fita tara a makarantarsu, sai ya buga wa Malama waya ya ba da rahoto. Ranar farko "to, Baba" da "madalla, Baba" kawai take cewa. Ran Alhamis ita ta riga shi kira.

"Baba, kun gwada jan kabeji? Ku dafa shi, sai ku raba ruwan biyu, ku matsa lemon tsami a ɗaya. Za ku ga abin mamaki."

Ya ga abin mamakin kuwa, ruwa ɗaya ya ba shi launi biyu, har sai da ya kira Kwandasta ta shaida ba sihiri ya yi ba.

A ranar ce kuma ya lura da wani abu. Katako mai lamba tara da mai lamba goma sha huɗu sun ƙi shan launi. Ko ya tsoma su sau nawa, ruwan sai ya zame ya gangare kamar an shafa musu mai. Ya goge ɗaya da samfefa ya sansana. Wani wari ne can ƙasa-ƙasa, mai kama da kananzir. Duk makon nan suna ta maganar abin da za a shafa a kan katako, ba wanda ya tambayi katakon kansa.

"Kafinta, wannan guntun daga ina ya fito?"

Kafinta ya karɓa ya duba, ya sansana, sai ya dafe kai.

"Na rufin ɗaki ne, Baba. An jiƙa shi da maganin gara. Wallahi ban kawo a raina ba."

Suka kwaso motocin nan goma sha ɗaya da suka rage, suka baje a kan tebur, suna bin su ɗaya bayan ɗaya da samfefa da hanci. Biyar suka faɗi, har da tirelar da ya fi wahala a kanta, mai taya goma. Ya shafa bayanta, ya tura ta gefe. Kafinta ya ce a jefa su a wuta, shi kuwa ya ce hayaƙin fa, wa zai shaƙa? A ƙarshe Kafinta ya buga musu ƙusa can saman ƙofar shagonsa, suka zama ado. Ya kuma ware wani kwali daban, ya ce daga yau duk guntun da ya fito daga sabon farin katako, wanda bai ga magani ba, nan zai riƙa shiga.

Washegari ƙarfe goma da rabi Baba Direba ya ba da rahoton yana ƙoƙarin ɓoye alfaharinsa.

"Baba, ni da nake koyar da kimiyya ban tuna da wannan ba."

"Ai mota ba fenti ba ce kawai, ɗiyata. Sai an leƙa ƙarƙashinta."

Ran Asabar Malama ta zo da 'yar jaka. A ciki akwai ƙananan kwalabe huɗu na kalar kek, ja da kore da shuɗi da ruwan hoda, da kuma tsohon farin ƙyalle da ta yayyanka. Ta jiƙa ƙyalle guda, ta goga a kan katakon kurkum, ta ɗaga. Ƙyallen ya yi rawaya.

"Wannan ƙyallen shi ne bakin jikarku, Baba. Ba zai cutar da ita ba, amma cikin mako ɗaya za ta lashe motar ta koma fara. Sai an rufe launin da wani abu."

"Da me? Kar ki ce mini man sheƙin Kafinta."

"Da kakin zuma."

Kafin ta rufe baki ya sa hula. Akwai wata tsohuwa mai sayar da zuma a ƙarshen layin 'yan kayan miya, ya san ta tun yana biyowa ta nan da mota. Ta ɗauko masa wani dunƙulen kaki kamar sabulu, tana tambayar ko ciwon ƙafa zai shafa wa. Ya ce a'a, mota. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana.

Suka yayyanka kakin a gwangwanin madara, suka tsayar da gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi. Da ya narke Malama ta ce sai an haɗa da mai don ya yi laushin shafawa. Baba Direba ya miƙa hannu zai ɗauko man gyaɗa.

"Ban da wannan, Baba. Akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, kuma ba mu san hannun da motar za ta faɗa ba. Na kwakwa za mu sa."

Kaki kashi ɗaya, mai kashi huɗu. Kicin ya cika da ƙamshi, har Kwandasta, wadda ta rantse ba ruwanta da wannan shirme, ta leƙo ta ce a rage mata kaɗan ta shafa wa faso. Da ya huce ya daskare kamar man shafawa. Baba Direba ya lakato da tsumma ya murza a jikin katakon, ya bari ya sha, ya goge da busasshen ƙyalle. Rawayar ta ƙara zurfi, zanen itacen ya fito ta cikinta, ga wani sheƙi mai taushi da ba ya kashe ido. Malama ta goga jiƙaƙƙen ƙyalle, ta ɗaga. Fari tas, sai 'yar alama da sai an ƙura ido.

"Ta wuce!" ya ce da ƙarfi. "Malama, ta wuce!"

Mako guda ya yi a kan sabuwar bas. Kurkum a jiki, koren layi da kalar kek, kaki sau biyu, gwajin ƙyalle sau uku. Amma da safiyar Asabar, yana jiran su iso, ya dubi tankar ruwa tana zaune fara, ya ga bai kamata bas ta fita ita kaɗai ba. Ya tuttula mata shuɗi ba tare da ya sirka da ruwa ba, ya shanya ta awa ɗaya, ya shafa kaki sama-sama. Ƙyalle kuwa bai ko tuna da shi ba.

Wannan karon da ya turo bas ɗin, ba wanda ya motsa. 'Yar Ɓera ta kama, ta kai baki, ta datsa haƙora a rufin. Ta tsaya, ta lasa, ta dubi kakanta, ta sake datsawa da ƙarfi tana gurnani kamar kyanwa. Falon ya ɗauki tafi. Baba Direba ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya ce garin katako ne. Cikin hayaniyar ya tura mata tankar ita ma, manya suka shiga hira.

Bayan kamar minti goma Kwandasta ta ƙwalla ƙara.

"Wayyo Allah! Bakinta! Bakin yarinyar nan ya yi shuɗi! Numfashinta ne ya tsaya!"

Kowa ya zabura. Ɗansa ya yi tuntuɓe da tebur yana laluben makullin mota. Malama ta suri 'yar, ta juyo da ita, sai 'Yar Ɓera ta washe baki tana dariya, leɓe shuɗi, harshe shuɗi, haƙora huɗu shuɗi, ga dalala shuɗiya har wuyan riga, tankar kuma na ƙanƙame a ƙirjinta. Malama ta dubi tankar, ta dubi surukinta da ya sunkuyar da kai kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Sai dariya ta ƙwace mata. Ta zauna dirshan a ƙasa tana yi har da hawaye, abin da bai taɓa gani ba.

"Kalar kek ce, Mama, ba abin da zai same ta. Baba, wannan ba ta ga ƙyalle ba ko?"

"Sauri na yi," ya ce.

Kwandasta dai ba ta yarda ba, hannunta na kan ƙirji. Don ya kwantar mata da hankali ya karɓi tankar ya lashe gefenta da kyau, ya zaro mata harshe. Ta dubi tsoho mai furfura da shuɗin harshe, ta dubi jikarsa, ta ce yanzu kam ta gane inda yarinyar ta gado halin.

Ba a yi wata ɗaya ba labari ya bazu a layin. Yara 'yan shekara huɗu da biyar suka fara yi masa layi a bakin shagon Kafinta, kowa da motar da yake so. Su kuwa ba ruwansu da launi mai taushi, ja suke so mai ihu, irin na motar kashe gobara. Kalar kek ba ta kai nan ba. Malama ta ce akwai fentin ruwa da ake yi musamman don kayan wasan yara, amma sai an karanta jikin gwangwani, kar a yarda da baki.

Ya tafi babban shagon fenti da tabaransa a aljihu. Mai shagon ya zube masa gwangwanaye a kan kanta.

"Duk lafiyarsu ƙalau, Baba. Ɗauki wanda ya yi maka."

"Na gode. Bari dai su faɗa da kansu."

Ya sa tabarau, ya jawo kujera, ya zauna yana bin ƙananan rubutun da yatsa. Na farko ya ce a nisanta shi da yara. Na biyu bai ce komai ba, shi ma ya ture shi. Mai shagon ya sallami mutum uku ya dawo ya same shi yana nan. A jikin na biyar ya ga abin da yake nema: na ruwa ne, babu dalma, an gwada shi don kayan wasan yara. Ya ɗauki hoton rubutun ya tura wa Malama, ya zauna yana kaɗa ƙafa har amsa ta shigo: "Shi ne, Baba." Ya miƙe ya ɗaga gwangwanin sama kamar kofin ƙwallo, mai shagon na kallon ikon Allah.

Sai ya kafa doka. Masu cizo, kurkum da kaki. Waɗanda suka wuce cizo, fentin ruwa, shi ma sai ya yi mako biyu a inuwa, an sansana ba a ji komai ba. Yaran suka riƙa zuwa kullum suna leƙen motocinsu a kan kanta suna tambayar saura kwana nawa, shi kuma yana amsawa da yatsu.

Wata Laraba da hantsi wata mata ta yi sallama a shagon, riƙe da jar motar kashe gobara. Ta ce ita ce mai gidan renon yara na ƙarshen layi, wani yaro ne ya zo da motar, saura suka kusa yaga juna a kanta. Ta sansana ta a gabansa, ta kankara da farce, sannan ta tambayi abin da ya shafa. Ya ba ta benci. Rabin awa yana bayani, daga dalma har maganin gara, ya ɗauko gwangwani ya nuna mata rubutu, ya sa ta goga jiƙaƙƙen ƙyalle da hannunta.

"Baba, yara ashirin da shida gare ni," ta ce da ya tsaya shan iska. "Abin da nake so shi ne wanda za su yi wasa da shi tare ba faɗa. Za ka iya jirgin ƙasa? Kowane yaro da taragonsa, kowane tarago da launinsa, a riƙa haɗawa ana rabawa."

Baba Direba ya sosa gemu. Shekarunsa duk a kan kwalta ya yi su, jirgin ƙasa sai dai ya tsaya masa a mararraba ya wuce. Bai san taya nawa tarago yake da su ba, bai san yadda ake ƙulla wani da wani ba.

"Launi ashirin da shida," ya ce, idonsa na ƙyalli. "Kafinta, ƙarfe nawa jirgin rana yake shigowa?"

"Sha biyu da kwata, in bai makara ba."

Ya dubi agogon hannunsa. Ya zari fensirin da ke kunnen Kafinta, ya yage gefen wani kwali ya cusa a aljihu, ya leƙa ta kan katanga ya ce a ajiye masa abincinsa, sannan ya kama hanyar tashar jirgi yana ɗingishi da sauri.